Haya a Keffi, aiki a Abuja

Tambaya: Salam Malam, ni ma'aikaci ne a Abuja, haya ta fi ƙarfina wallahi, ina tunanin komawa Keffi da iyalina, ya ka gani?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Keffi kam ba hayaniya kuma haya da sauƙi akan Abuja, sai dai unguwannin kusa da Jami'ar Jihar Nasarawa ɗalibai sun ɗaga farashi. Matsalar dai hanya ce, wajen kilomita 50, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, in baka fito da asuba ba to ka makara kenan. Lissafa kuɗin motar wata ka haɗa da hayar tukuna, batun ruwa da wuta kuma maƙwabta zaka tambaya, ba dillali ba.