Shin Hasken Dare Zai Iya Auna Arzikin Yanki da Wutar Lantarkinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Ina so in kwatanta bunƙasar gundumomi arba'in na wata ƙasa daga 2008 zuwa 2022, amma babu alƙaluman abin da kowace gunduma ke samarwa. Wani abokin karatuna a sashen kwamfuta ya ce in yi aiki da hotunan hasken dare na tauraron ɗan'adam, in auna arziki da su, in kuma nuna inda wutar lantarki ta isa. Abin zai yiwu? Ta ina zan fara, kuma me ke lalata irin wannan bincike?

Amsa: Wa alaikis salam, malama. Zai yiwu, amma ba duka biyun a lokaci guda ba, kuma da wuya ki iya farawa daga 2008.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 2012 masana uku, Vernon Henderson da Adam Storeygard da David Weil, sun wallafa bincike a mujallar American Economic Review inda suka gwada hasken ƙasashe da alƙaluman tattalin arzikinsu. Sun samu cewa idan haske ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, abin da ƙasa ke samarwa kan ƙaru da kusan kashi uku. Wannan adadi na ƙasashe ne, ba na gundumomi ba, don haka kada ki ɗauko shi ki ninka da hasken gundumominki ki ce kin samo arzikinsu. Masu duba kundi sun saba kama wannan kuskure.

Matsalar 2008 daga na'ura take. Akwai jerin hotuna iri biyu. Na farko shi ne DMSP, na taurarin rundunar sojin saman Amurka, wanda jerinsa da aka saba aiki da shi ya kama daga 1992 zuwa 2013. Don hango gajimare da dare aka ƙera na'urar tun asali, ba don auna fitilu ba. Tana ba kowane fiksel, wato ɗan murabba'in hoton mai faɗin kusan kilomita ɗaya, lamba daga 0 zuwa 63. Da tsakiyar birni ya kai 63 shi ke nan, ko haskensa ya ninka sau biyar lambar ba za ta motsa ba. Ga shi kuma hasken yana malala zuwa fiksel na maƙwabta, har ƙauyen da ke duhu a gefen birni ya fito kamar yana da wuta. Bayan haka lambobin ba su da tsayayyen ma'auni, 30 ta wannan tauraro a bana ba lallai ta yi daidai da 30 ta wancan a baɗi ba.

Na biyu shi ne VIIRS, da ke kan tauraron Suomi NPP wanda aka harba a watan Oktoban 2011, bayanansa na wata-wata suka fara daga Afrilun 2012. Fiksel ɗinsa kimanin mita 500 ne, yana auna haske da ma'auni na haƙiƙa, kuma hasken tsakiyar birni ba ya ƙure ma'auninsa. Shekaru biyu kacal jerin biyu suka haɗu, 2012 da 2013. Akwai jerin da wasu masu bincike suka ɗinke wuri guda, amma galibi sai an dusashe VIIRS ya koma kamar DMSP kafin ɗinkin ya zauna, kuma tsallen da za ki gani a mahaɗar zai iya zama na ɗinkin ne, ba na tattalin arziki ba. A ganina ki yanke binciken ya fara daga 2013, shekarar farko da VIIRS ya cika wata goma sha biyu. Shekara goma masu tsabta sun fi sha biyar masu faci.

Aikin kwamfutar ba shi da wuya sosai. Hotunan kyauta ne: cibiyar Earth Observation Group da ke Colorado School of Mines tana fitar da na wata da na shekara, NASA kuma tana da nata mai suna Black Marble, har da na kullum. Idan kwamfutarki ba ta da ƙarfi, Google Earth Engine zai yi lissafin a can ya miƙo miki jadawali kawai. Ki samo taswirar iyakokin gundumomi, ki ɗora ta kan hoton, ki fitar da jimillar haske da matsakaicinsa na kowace gunduma. Manhajar taswira ta QGIS na yin wannan, haka ma harsunan shirin kwamfuta Python da R. Taswirar shekara ɗaya za ki riƙe daga farko har ƙarshe. In an raba wata gunduma biyu a tsakiyar lokacin, ki mayar da su ɗaya. Gundumomin da ba su da girma kuma a lissafa musu fiksel na bakin iyaka gwargwadon yankin da ya faɗo ciki, kada a ba su shi ɗungurungum. In ƙasar ta yi nisa da layin tsakiyar duniya (equator), ki tuna fiksel yana tsukewa: a digiri 60 arewa ko kudu da layin faɗinsa rabin na kan layin ne, sai an gyara wannan kafin a tara.

Inda aikin yake shi ne tsabtacewa. Kowane hoton wata yana zuwa da abokin tafiya mai suna cf_cvg, wanda ke faɗin sau nawa aka ga wurin babu gajimare a watan. Idan lambar nan sifili ce, ma'anarta ba a ga wurin ba, ba wai wurin duhu ne ba. Ɗalibai da yawa kan bar sifilin ya shiga lissafi, sai jadawalinsu ya nuna arziki na faɗuwa duk damina yana tashi da rani. Ki cire waɗannan watanni, waɗanda aka gani sau ɗaya ko biyu kuma ki rage musu nauyi. Sannan ba duk haske ne na fitila ba. Harshen iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai, irin na kudancin Iraƙi ko Dakota ta Arewa a Amurka, yana iya fin birni haske alhali ba kowa a wurin; ki samo wuraren daga bayanan VIIRS Nightfire, masu nuna inda wuta ke ci da dare, ki toshe su da kewayensu. Gobarar daji da jiragen kamun kifi masu fitila su ma suna fitowa, dusar ƙanƙara kuma tana ƙara wa fitilu ƙyalli. Hoton shekara an riga an tace masa wuta mai wucewa, na wata kuwa ba a tace ba. Wata dabara mai sauƙi: ki zaɓi wurare biyu ko uku da kika tabbata babu mazauna, ki bi lambarsu shekara-shekara. Duk motsin da kika gani a nan na na'ura ne ko na sararin sama, kuma shi zai nuna miki iyakar da, in lamba ta gaza ta, ba za ki yarda da ita ba.

Akwai kuma abin da ko an tace ba ya fita. Idon VIIRS yana ganin haske daga nanomita 500 zuwa 900 (ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke bambance launuka), farin ƙwan LED kuwa kaso mai yawa na haskensa shuɗi ne, wajen 450. Birnin da ya cire tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo ya sa LED sai ya dusashe a hoto, ko da mai tafiya a ƙasa ya ga titi ya ƙara haske. Haka ta faru da Milan ta Italiya wajen 2015. Saboda haka kafin ki rubuta cewa wata gunduma ta ja baya, ki bincika ko fitilu aka sauya.

Yanzu batun wutar lantarki, wanda nan ne shawarar abokin naki ke da rami. Tauraron yana wucewa wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, kuma abin da ya tsere sama kaɗai yake gani: fitilun titi, na harabar masana'anta, na tasha. Gidan da ke da sola da ƙwai uku a cikin ɗaki ba ya fitowa. Masana'antar da janareta ke haskawa tana fitowa ko layin wuta bai je wurin ba. Ɗaukewar wuta ta farkon dare, lokacin da buƙata ta fi yawa, ta wuce kafin tauraron ya iso. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan kika auna isar wuta da haske, kika kuma auna arziki da hasken nan dai, to abu ɗaya kika gwada da kansa. Za ki samu dangantaka mai ƙarfi wadda ba ta nufin komai, domin ranar da aka ja layi aka kafa fitilun titi haske zai tashi ko kuɗin shigar kowa bai ƙaru ba. Dole ɗayan biyun ya fito daga wani tushe: ƙidayar jama'a, binciken gidaje irin su DHS (binciken al'umma da lafiya) ko kuma LSMS, wanda na Bankin Duniya ne, ko rajistar masu mita ta kamfanin rarraba wuta. Inda haske ya yi fice a harkar wuta shi ne bin sawun katsewa mai tsawo. Da hotunan kullum na Black Marble aka bi yadda wuta ta riƙa dawowa a Puerto Rico bayan guguwar Maria ta Satumban 2017.

A wajen lissafi, abu uku. Gundumomin karkara za su ba ki sifili ko kusa da shi, logaridim kuma ba ya karɓar sifili. Akan ƙara ɗan adadi kamar 0.01, amma sakamako na iya canjawa da adadin da aka zaɓa, don haka ki gwada biyu ko uku ki nuna duka. Na biyu, gunduma arba'in sau shekara goma layi 400 ne, amma ba shaidu 400 masu zaman kansu ba: bana tana kama da bara, maƙwabta kuma suna kama da juna, har hasken wannan na zuba cikin waccan. Ki tara kuskuren ƙiyasi bisa gunduma (clustering), ki kuma gwada gyaran Conley na kusancin wuri. Na uku, haske ya fi iya bambance gunduma mai arziki da matalauciya a shekara guda, a kan gane wadda ta bunƙasa daga bara zuwa bana, kuma ya fi rauni inda noma ne abin dogaro, tunda gona ba ta kunna fitila. In rabin gundumominki na manoma ne, ki raba su rukuni biyu ki ba da sakamakon kowanne daban.

Kafin ki gabatar da shawarar binciken, ki ɗauki matakin da ke da alƙaluman hukuma, jiha ko lardi, ki gwada haskensa da su na shekara biyar. Wannan gwaji na mako guda ne, kuma shi zai faɗa miki ko hasken yana bin arziki a ƙasar da kika zaɓa. Ki kuma rubuta sunan sigar hotunan da ranar da kika sauke su a saman rubutun shirinki na kwamfuta, domin cibiyoyin nan kan sake sarrafa tsofaffin shekaru, sai lambobin da kika samu yau su ɗan bambanta da na wanda zai maimaita aikin bayan shekara biyu.