Likita, in daina ba shi maganin farfaɗiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 6 yana da farfaɗiya. An ɗora shi a kan phenobarbital, kuma yau wata 8 ke nan bai faɗi ba, alhamdu lillahi. Sai dai ƙiriniyarsa ta ƙaru, ba ya zama wuri ɗaya, har malaminsa na Islamiyya ya kawo ƙara. Kakarsa ta ce ai ya warke, a bar ƙwayar nan kafin ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. In daina?
Wata uwa daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Don Allah kada ki daina, ko da na kwana ɗaya ne. Wata 8 ɗin nan aikin magani ne. Yana danne ciwon ne, bai riga ya raba shi da shi ba. In aka yanke phenobarbital farat ɗaya, faɗuwar kan dawo da ƙarfi, wani lokaci jijjiga ta riƙa bin jijjiga yaro bai farfaɗo a tsakani ba. Irin waɗannan yaran muke karɓa da tsakar dare, an rungumo su a Keke Napep, in ka tambaya a ce ƙwayar ta ƙare tun makon jiya. Abin yana ci mini rai, domin ana iya kauce masa.

A ƙa'ida sai yaro ya kai kamar shekara 2 bai faɗi ba likita zai duba yiwuwar janyewa, shi ma a hankali ake rage shi cikin makonni ko watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in suka samu magani yadda ya dace.

Amma kaka ba ta yi ƙarya duka ba, ta ga abin da ta gani. Phenobarbital yakan sa wasu yara rawar kai, fushi ko yawan barci. Maganin wannan shi ne ki koma asibiti ki faɗi yadda kika faɗa mini. Akwai wasu magungunan da likita zai iya canza masa, kamar sodium valproate, carbamazepine da levetiracetam, kuma irin faɗuwar ce ke nuna wanda ya dace, shi ya sa hoton bidiyon faɗuwar a waya yake taimaka mana ƙwarai. Kowanne da tasa illar: carbamazepine in ya fito da ƙuraje a fata ko gyambo a baki, a garzaya asibiti ranar; valproate kuma ana taka-tsantsan da shi ga 'yan mata da suka fara girma, saboda illarsa ga juna biyu. A riƙa auna nauyinsa, don da nauyi ake lissafa magani, yaro kuwa girma yake yi.

In ya faɗi, ki kwantar da shi ta gefe, ki janye shi daga murhu da bakin rijiya. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa, kada a turara masa hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, ku taɓa shi ba tsoro. Jijjiga in ta wuce minti 5, sai asibiti.

Ranar komawa ki roƙi kaka ta raka ki, ta ji daga bakin likita da kunnenta. Kafin nan a ci gaba da ƙwayar a kan lokacinta, kuma ki sayi wata tun saura na mako guda.