Tambayoyin Masu Karatu: Biza da Shirin Tafiya Birnin Guangzhou

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan sun fi karkata ga birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu suka daɗe suna zuwa saro kaya, don haka muka zaɓi uku daga ciki.

TAMBAYA: Ni mai sayar da yadi ne a Kantin Kwari da ke Kano, kuma ina so in fara zuwa Guangzhou da kaina maimakon in riƙa aike. Wani ejan ya ce in ba shi fasfona da kuɗi, zai samo mini bizar yawon buɗe ido domin ta fi sauƙin fita. Shin in yarda? Kuma wane lokaci ya fi dacewa da tafiyar?

AMSA: Alhaji, Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Ƙasar Sin ta rarraba bizarta da haruffa, kuma wadda ta dace da kai ita ce mai harafin M, wadda ake bai wa masu zuwa harkar kasuwanci, ita kuwa mai harafin L ta masu yawon buɗe ido ce. Ginshiƙin bizar M shi ne takardar gayyata daga kamfanin da za ka yi hulɗa da shi a can, ko daga masu shirya baje koli, kuma dole ta ƙunshi sunanka kamar yadda yake a fasfo, da dalilin zuwanka, da kwanakin da za ka yi, da adireshi da hatimin wanda ya gayyace ka. Ban da wannan, ana bukatar fasfo wanda wa'adinsa bai gaza wata 6 ba kuma yana da shafukan da ba a buga komai a kansu ba, da hoto na kwanan nan, da fom ɗin da ake cikewa ta intanet. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishinsu yana Legas, mutanen Nijar kuma nasu yana Yamai.

Ba laifi ba ne ejan ya taya ka cike fom, amma ba mu goyon bayan shawarar da ya ba ka. Idan ka sauka filin jirgin sama na Baiyun, kai jami'in shige da fice zai tambaya abin da ya kawo ka, ejan yana Kano a lokacin, kuma idan amsarka ta saɓa wa abin da aka rubuta a takardunka, jami'in yana da ikon mayar da kai duk da bizar da ke cikin fasfonka. Saboda haka ka nemi ganin takardar gayyatar da idonka, ka tabbatar kamfanin da aka rubuta yana nan, ka kuma riƙe kwafinta da lambar wayar mai gayyatar a aljihunka. Kada ka manta da katin rigakafin cutar shawara, domin ana nemansa daga matafiyan da suka fito daga ƙasashen da cutar take.

Game da lokaci, babban baje kolin Canton, wanda aka fara a 1957, ana yin sa sau biyu a shekara a unguwar Pazhou da ke Guangzhou, na farko daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, na biyu daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kowanne zango uku ne, kuma yadi da tufafi da takalma suna cikin zango na uku, don haka mai sana'a irin taka da ya sauka a makon farko, injuna da kayan lantarki zai tarar. Kuɗin otal yana tashi sosai a lokacin. Ka guji lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu, domin masana'antu kan rufe na makonni, haka nan makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne.

TAMBAYA: Maigidana yana Guangzhou yanzu. A bizarsa an rubuta wata uku, amma wani abokinsa ya ce kwana 30 kawai aka ba shi. Wanne ne daidai? Kuma yana so ya leƙa Hong Kong ya dawo. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ki kira shi yau ɗin nan ya buɗe fasfonsa, domin mai yiwuwa abokin nasa ne da gaskiya. Bizar Sin tana ɗauke da abubuwa uku mabambanta: ranar ƙarshe da mutum zai iya shiga ƙasar da ita, da yawan shigar da aka amince masa, da kuma kwanakin da zai zauna a kowace shiga. Wata ukun da kuka gani galibi wa'adin shiga ne, kwanakin zama kuwa suna wani layi daban, kuma su ne hukuma take ƙirgawa. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuan (kuɗin ƙasar Sin) 500 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa, har zuwa yuan 10,000, ko tsarewa daga kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korar mutum a hana shi komawa na shekaru. Idan kayansa ba su kammala ba, dokar ta ba shi damar neman ƙarin kwanaki a ofishin shige da fice na 'yan sandan birnin, amma sai ya kai buƙatar aƙalla kwana 7 kafin wa'adin ya cika, kuma ba tilas ba ne a amince.

Maganar Hong Kong kuwa, ya haƙura da ita a wannan karon sai idan ya shirya mata tun daga gida. Yankin yana da tsarin shige da ficensa daban, ɗan Najeriya yana bukatar biza ta musamman kafin ya shiga, sannan tsallakawa can daidai yake da fita daga Sin, ta yadda mai bizar shiga sau ɗaya ba shi da hanyar komawa Guangzhou. Ki kuma tambaye shi inda yake kwana. Idan otal ne, su suke yi masa rajista da hukuma, idan kuwa gidan aboki ya sauka, wajibi ne a kai sunansa ofishin 'yan sanda na unguwar cikin awa 24, kuma mutanenmu da yawa sun shiga matsala a kan wannan ƙaramin abu. Idan fasfo ya ɓace, Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a birnin.

TAMBAYA: Yaya batun abincin halal da sallah da kashe kuɗi? Kuma gaskiya ne akwai kabarin Sahabi a birnin? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

AMSA: Malam, abinci ba zai ba ka wahala ba, musamman a unguwar Xiaobei, wadda layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake ratsawa, inda 'yan Afirka da Larabawa da Musulmin Sin suke da gidajen abinci. Shagunan taliya da naman shanu irin na Lanzhou suna ko'ina, kuma akasarinsu na Musulmi ne. Masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Akwai kuma masallacin Xianxian kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ake cika ranar Juma'a, kuma a nan ne kabarin da mutanen wurin suke jingina wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, ko da yake abin da malaman tarihin Musulunci suka tabbatar shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Harkar kuɗi ce ta fi bukatar shiri. Sinawa sun koma biya da waya ta Alipay da WeChat Pay har a wurin mai shayi, don haka ka sauke manhajojin ka haɗa su da katin da ke aiki a ƙasashen waje tun kana gida, ka kuma riƙe ɗan tsabar yuan. Kuɗin waje da suka haura dala 5,000 sai an bayyana su ga kwastam wajen shiga. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar, saboda haka ka buɗe wa iyali WeChat kafin ka tashi, ka kuma gaya musu cewa agogon can yana gaban namu da awa 7. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi idan ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki ba, ko da ɗan unguwarku ne, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Sin yana kaiwa ga kisa, kuma duk maganin da za ka riƙe don lafiyarka ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita.