Kafin ka taɓa tamosta, tambayi direba inda motar ke zafi

Ɗana, ka tambaye ni me ya hana mu cire tamosta, wato ƙofar da ke riƙe ruwa cikin inji har ya ɗumama, daga Corolla ɗin nan mu haɗa fanka kai tsaye da makulli, tunda haka wasu ke yi a nan Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, direba ya biya ya tafi yana murna. Ba na yin wannan aikin, kuma ba na so hannunka ya saba da shi.

Idan mota ta shigo da zafi, ajiye sifana tukuna, ka tsaya da direba. A ina allurar zafi take hawa? In ya ce a cunkoson Kejetia ne ko shataletalen Suame, amma da ya samu hanya ya taka sai ta sauko, to maganar iska ce. Mota na gudu iska na ratsa lagireto da kanta, tana tsaye kuwa fanka ce kaɗai gatanta. Sai ka bi fiyus, rile mai sakar wa fanka wuta, na'urar da ke auna zafin ruwa, sannan ɗan injin da ke juya fankar. Abin da ya sami Corollar ke nan, rile ne ya ƙone, tamostarta lafiya lau. In kuma ya ce cikin gari ba ta da matsala, sai ya ɗauki fasinja ya kama hawan dutsen Mampong ko doguwar hanyar Accra, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ko lagireto ya toshe, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko bel yana santsi.

Murfin lagireto kada ka kuskura ka buɗe shi inji na tafasa, ko da tsumma. Ruwan ciki a matse yake, kana sassautawa zai yi tsiri ya same ka a fuska. Haka kuma ba a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan silinda na alminiyam ne, zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Jira ya huce.

Shi wannan murfin mutane sun raina shi. Duba samansa, za ka ga 0.9 ko 1.1, awon matsin da yake riƙewa ke nan. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar ƙasansa ta bushe ta tsattsage, ko sifirin ya saki, mota za ta yi ta zubar da ruwa alhali injinta ƙalau. Sau da yawa an sauke kan inji a banza saboda murfin da bai kai kuɗin abincin rana biyu ba.

Daga nan nemi yoyo: bakin tiyo, ƙasan famfon ruwa, gefen lagireto inda roba ta haɗu da ƙarfe. Farin tabo ko kore da ya bushe a wurin shi zai nuna maka. Leƙa tsakanin lagireto da na AC, musamman bayan hunturu, ƙura da leda kan like wurin. Inji ya ɗumama, ka kashe shi, ka zare wayar fanka don kada ta tashi da yatsunka, ka shafa fuskar lagireto a hankali. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, nan ya toshe. Yawanci ruwan rijiya ko na famfo ne ya jawo, tsatsa da gishiri su taru. Shi ya sa nake dagewa a sayi kulan, ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa.

To, tamostar. Ƙofa ce da ke riƙe ruwa cikin inji har ya kai zafin aiki, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. Lambar digirin da take buɗewa na jikinta, a motocin Japan da yawa za ka ga 82. Tana lalacewa, ban ce a'a ba. In ta maƙale a rufe, allura za ta haura da sauri, tiyon ƙasa kuma ya zauna da sanyi. Ciro ta, jefa cikin ruwan da ke kan wuta, ka zuba ido. Ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, mayar da ita. Ta ƙi, je ka kawo sabuwa mai lamba iri ɗaya.

Masu cirewa cewa suke an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara. Inji bai san ƙasa ba, zafinsa na aiki ɗaya ne a Kumasi da Jamus. In babu tamosta, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, fulogi su yi baƙi, zobban fistin su ci da wuri. A wasu injinan ma ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa ciki, ka cire ta ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanyar bai shiga lagireto ba, zafin ya ƙaru. Abin da ya fi damuna shi ne ainihin ciwon yana nan, an dai lulluɓe shi. Direban tasi zai kai wa mai mota balas daga abin da fetur ya rage masa, bayan wata biyu ya dawo da gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, a ƙone.

Gasket shi ne na ƙarshe da za ka zarga, kuma sai da shaida. Tayar da inji da sanyinsa, murfi a buɗe, ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa. Tiyon sama ya ƙame tun inji bai ɗumama ba. Farin hayaƙi mai ɗan zaƙi a salansa, ruwa na raguwa ba yoyo a ƙasa, ko ka zaro sandar baƙin mai ka gan shi kamar shayi da madara. In ka sauke kan silinda, a aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a gani, ya lanƙwashe a kai a goge. Wajen ɗaurewa daga tsakiya ake farawa zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba. Kuma sai ka gano abin da ya ƙona tsohon gasket ɗin, in ba haka ba sabon ma zai bi shi.

Kowane gyara ka yi, zuba ruwa sannu-sannu, ka matsa tiyo iska ta fita, don iskar da ta maƙale kan sa mota zafi ita kaɗai. Bar injin na aiki har fanka ta tashi ta tsaya da kanta sau biyu, ka fita da motar gwaji, ta huce ka sake duba ruwan, sannan ka kira ni in gani kafin a miƙa makulli.