Kaset gidan ne, ba zaren da ke cikinsa ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko kaset shi ne zaren da ke ɗauke da murya ko kuwa robar da zaren yake ciki, kuma me ya sa mahaifinka yake kiran ɗan gwangwanin fim na tsohuwar kyamara da wannan suna. Na daɗe ina sayar da kaset-kaset na wa'azi da karatun Alƙur'ani a Aboabo, nan Kumasi, saboda haka bari in faɗi abin da na sani.

Baba bai yi kuskure ba. Kalmar ta Faransanci ce, ta biyo ta Ingilishi ta iso gare mu, kuma ma'anarta ƙaramin akwati. Gwangwanin da yake nufi, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1934 don fim mai faɗin milimita 35, aikinsa ya tsare fim daga haske, shi ya sa mai hoto yake naɗe fim ya koma ciki kafin ya buɗe bayan kyamara, in ba haka ba hotuna 36 sun ƙone. Har farantin da ake sa wa mutum a bayansa a ɗakin hoton ƙashi, kaset ma'aikatan asibiti suke ce masa.

Wanda muka fi sani shi ne na rikoda, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, sannan na bidiyo, VHS, ya biyo baya daga kamfanin JVC a 1976. A kaset na rikoda, mai lamba C60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, C90 kuma minti 45. Ni dai ban taɓa yarda da C120 ba, domin zarensa siriri ne ƙwarai, rikoda ba ta daɗewa take tauna shi.

Mu Hausawa ne muka faɗaɗa kalmar har ta koma kan abin da aka ɗauka. Yau za ka ji an ce sabon kaset ɗin malam ya fito, alhali a waya ake tura shi. Ban ga laifin hakan ba, amma mai gyara ya san bambancin.

Wata rana wata dattijuwa daga Asawase ta kawo mini kaset da ɗanta ya aiko daga Libiya da muryarsa a ciki, an taka shi robar ta fashe. Na kwance ƙusoshin nan biyar, na ɗauke zaren a hankali na mayar da shi cikin sabon gida, na sa biro na juya har ya miƙe. Da na miƙa mata sai ta ce, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne, nawa baƙi ne." Na sa shi a rikoda na danna, kuma tun yaron bai gama sallama ba ta kwance bakin zanenta tana neman kuɗin gyara.