Diyya, Kaffara ko Taimako: Me Ake Kiran Abin da Mai Shanu Ya Kawo?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wajen Marwa, a arewacin Kamaru. Shanun wani maƙwabcinmu sun shiga gonata ta masakwa, wato dawar rani, da dare sun cinye wajen rabinta. A gaban jauro, wato mai unguwarmu, ya kawo buhu biyu na dawa ya ce "ga ɗan taimako", dattawa suka ce in yi masa sassauci, wani ya kira abin diyya, wani kuma ya ce kaffara ce. Mene ne bambancin waɗannan kalmomi, kuma wacce ta dace da maganata?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin a zaɓi kalma, sai a tambaya: haƙƙin wa ake magana a kai? Akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin mutum, akwai kuma abin da ake bayarwa ba tare da wani yana bin wani komai ba.

Kaffara tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Wanda ya karya rantsuwa, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta bayyana, zai ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su ko ya 'yanta bawa, idan bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Ba wanda aka cuta ake miƙa wa ita ba, saboda haka ba ta da gurbi a maganar gonarka.

Diyya a fiƙihu fansar rai ce ko ta rauni. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta haɗa ta da kaffara a kan kisan kuskure, ta kuma raba su sarai: diyya ga iyalan mamaci, waɗanda suke da ikon yafe ta, kaffara kuwa 'yanta bawa mumini ko azumin wata 2 a jere, kuma yafewar dangi ba ta sauke kaffarar. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu daga Garwa har Njamena, ta ƙayyade cikakkiyar diyya da raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi na wajen uba ne suke ɗaukarta cikin shekara 3. Gaskiya ne bakin jama'a ya faɗaɗa kalmar, har ana cewa gwamnati ta biya diyyar gonakin da hanya ta bi ta kansu, kuma ban ga aibin haka a hira ba, amma a wurin shari'a gara a kira abu da sunansa.

Sunan naka shi ne biyan ɓarna, kuma hukuncinsa tsoho ne. Suratul Anbiya'i, aya ta 78, ta ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suna hukunci a kan shukar da tumaki suka yi wa ɓarna da dare, sannan Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib, inda Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu su. Malamai sun ƙara da cewa ko da rana ne, idan makiyayi yana tare da dabbobin ya yi sakaci, alhaki yana kansa. Tunda taka ɓarnar ta dare ce, bashi kake bin maƙwabcinka, kuma masu sanin masakwa ne za su je gonar su ƙiyasta abin da aka yi hasara.

A nan ne kalmar "taimako" ta dame ni. Taimako da tallafi da gudummawa kyauta ce daga wanda ba shi da hannu a cikin asarar, agaji kuma na gaggawa ne, irin wanda aka kai wa mutanen kwarin Binuwai da Logon a ambaliyar 2012. Mai ɓarna idan ya kira biyansa taimako, ya kauce wa amsa laifi, ya kuma mayar da kai mai godiya a kan abin da yake naka.

Abin da dattawa suka roƙe ka kuwa yana hannunka. Rangwame ragin adadi ne, a ce buhu 10 ne ka karɓi 6. Sassauci ya fi faɗi, domin ya haɗa da jinkirta masa zuwa kaka ko barinsa ya biya kaɗan-kaɗan. Afuwa ita ce ka yafe gaba ɗaya. Dukkansu abin yabo ne tsakanin maƙwabta, sai dai ba su da ma'ana sai an fara faɗin adadin haƙƙin a gaban shaidu, kuma ba a tilasta wa kowa yin su.

Ka nemi jauro ya sa a yi ƙiyasin, a rubuta shi, sannan ka faɗi abin da ka rage da bakinka. Idan ba a daidaita ba, sai a je wurin lawan, wanda yake sama da jauro, ko fadar lamido, wato sarki, kuma tun 1978 dokar Kamaru ta tanadi kwamitin sasanta manoma da makiyaya wanda superefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, yake shugabanta.