Mai sayen citta ya ce sai da bulokcen: me zan tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sito a Sabon Gari, Zariya. Ina sayo busasshiyar citta daga Kachia da Kafanchan ina sayar wa masu fitarwa a Legas, yanzu kuma ina so in fara fitarwa da kaina. Wani kamfani a Turai ya yarda zai saya, amma ya ce sai an shigar da kayan cikin tsarinsu na bulokcen, takardar lodin jirgi ma ta intanet za a yi ta. Shin wannan ba harkar kirifto ba ce? Me zan tanada, kuma zai rage mini wahalar takardu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Fasahar ɗaya ce da wadda Bitcoin ke tafiya a kai, amma abin da suke nema a wurinka ba sayen kuɗin kirifto ba ne. Idan wani ya ce sai ka sayi wani kwabon intanet kafin a yi maka rajista, ka dakata ka tambayi bankinka tukuna.

Bulokcen kundi ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutocin mutane da yawa lokaci guda: kamfanin jirgi, banki, mai duba kaya, mai saye. Kamar littafin bashi ne da kowane ɗan kasuwa a layi yake riƙe da irinsa, babu mai iya goge layi a nasa ba tare da na sauran sun tona shi ba. Duk wanda ya shigar da bayani yana sa hannu da mabuɗin sirrinsa, kuma kowane sabon shafi yana ɗaure da na bayansa. Galibi ba takardar kanta ake sawa a ciki ba. Kwamfuta tana lissafo mata wani tambari, a tsarin SHA-256 haruffa da lambobi 64 ne. A canja tan 24 zuwa tan 25 a takardar, tambarin ya sauya gaba ɗaya, nan take a gane an taɓa ta.

Inda abin ya fi amfani shi ne takardar lodin jirgi, wadda ejan, wato wakilin da ke bi maka takardu a tashar ruwa, ke kira BL. Wanda ke riƙe da ta asali shi ke da ikon karɓar kaya a tashar da za a sauke. A al'ada guda uku ake bayarwa, a aika ta hannun kamfanin aika saƙo daga banki zuwa banki. Idan jirgi ya riga takarda isa, kwantena ta zauna kuɗin jinkiri na hawa kullum. Hoton takarda a waya ba ya maye gurbinta, domin ana iya tura shi ga mutum goma kowa ya ce shi ne mai kaya. Bulokcen yana tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da ita a kowane lokaci, kuma da zarar ka miƙa wa banki ta fita daga hannunka, cikin mintuna.

Sai dai doka ce ke ba ta ƙarfi. A 2017 hukumar dokokin kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCITRAL, ta fitar da samfurin doka kan irin waɗannan takardu. Singafo ta ɗauka a 2021, Birtaniya ta yi tata dokar a 2023, wadda ke da nauyi saboda yarjejeniyoyin jiragen ruwa da yawa a kan dokar Ingila ake rubuta su. A 2023 ɗin kuma manyan kamfanonin jiragen kwantena tara, har da Maersk da MSC, suka yi alƙawarin komawa BL ta intanet gaba ɗaya nan da 2030. Kafin ka sa hannu, ka samu amsa a rubuce: kamfanin jirgin, da bankinka, da bankin mai saye, duk suna kan manhaja ɗaya? Idan kwastam na can suka nemi takarda, za a iya mayar da ita ta hannu? Banki ɗaya ya ƙi, an koma gidan jiya.

Manhajojin nan suna mutuwa ma. TradeLens, wadda Maersk da kamfanin kwamfuta IBM suka ƙaddamar a 2018, an sanar da rufe ta a ƙarshen 2022 don ba ta samu isassun masu shiga ba. Ba abin mamaki ba ne, ba kowane kamfani ne zai so zuba bayanan cinikinsa a rumbun da abokin gasarsa ke da hannu a ciki ba. Don haka duk abin da ka shigar, ka ajiye kwafinsa a wurinka.

Takardun gida kuwa suna nan daram. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayu na 2023, amma hakan bai ɗauke maka rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, ba, ko fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, ko shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar killace kayan gona, ko kuɗin NESS, na duba kayan fitarwa, na rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kaya. Kuɗin cinikin ma dole su shigo asusunka na kuɗin waje cikin kwana 180 daga ranar da ke kan BL. Wanda ya karɓi biya da kuɗin kirifto na USDT a waya ya bar NXP ɗinsa a buɗe, ranar da banki ya tashi tambaya ba shi da abin nunawa.

Babban aikin yana cikin sitonka. Kundin yana tsare abin da aka rubuta ne, bai san abin da ke cikin buhu ba. Yaronka ya rubuta danshi kashi 10 alhali 16 ne, haka zai zauna da sa hannunka a ƙasa, citta kuma ta yi fumfuna a teku. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari na diklobos, irin wanda ke cikin piya-piya. Da a ce waken nan yana kan bulokcen, da an fi saurin gano sitocin da ake zuba maganin, amma da an hana shi ɗin dai.

Ga yadda za ka tsara. Kowace mota da ta sauke kaya ka ba ta lambarta, ka rubuta kasuwar da aka sayo, da dillali, da rana, da nauyin da sikelinka ya nuna. Lambar ta hau kowane buhu da fenti ko kati ɗinkakke, manne yana ɓarewa. Ka sayi na'urar gwada danshi, ka auna buhuna daga sama da tsakiya da ƙasan jibgi, ka tsaya a kan adadin da ke cikin yarjejeniya, yawanci bai wuce kashi 12 ba. Samfurin gwajin afulatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa, mai duba kaya mai zaman kansa ne ya kamata ya ɗiba, shi kuma ya shigar da sakamakon da mabuɗinsa, ya fi naka nauyi a idon mai saye.

Wurin da sarƙar ta fi tsinkewa shi ne lokacin tsincewa da sake ɗurawa. A ce buhu 480 masu kilo 50 za ka cika, tan 24 ke nan, daga motoci shida. Aka zube su wuri ɗaya a tsakar sito, asali ya ɓace, ko me aka rubuta daga baya ƙage ne. Ko dai ka tsince kowace mota daban, ko ka buɗe sabuwar lamba da ke nuna waɗanda aka haɗa da kilo nawa daga kowace. Amfaninsa a gare ka shi ne, idan gwaji ya kama guba, ka ware buhu 80 maimakon ka yi asarar kwantena sukutum. Ranar lodi a ɗauki hoton lambar kwantena da ta hatimin ƙofa a shigar kafin mota ta bar sito, ko a Legas za a duba ta ko a tashar tsandauri ta Kakuri a Kaduna.

Mabuɗin sirrin kuma kada ka ba ejan, komai amincinku, domin da shi ake miƙa BL. Ka nemi a buɗe masa nasa asusun mai iyaka, ya ga takardu ya shigar da nasa, miƙawa ta tsaya a hannunka. Kuɗin rajista da na kowace takarda a rubuta a yarjejeniya wa zai biya; tunda su suka kawo sharaɗin, kana da bakin cewa su ɗauka, aƙalla a kwantenar farko.